Shafin Lafiya: A Miƙa Wa Talaka Ya Gwada Kafin A Biya Ɗan Kwangila

Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin intanet na HealthCare.gov, aka ce duk wanda ba shi da inshorar lafiya a jihohi 36 ya shiga ya zaɓi tsarin da ya dace da aljihunsa. Shekara uku da rabi ke nan da Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a kan dokar da ta haifi shafin, wadda ake wa laƙabi da Obamacare, kuma babu wani aikin cikin gida da ya ɗora martabar mulkinsa a kai kamar wannan. Miliyoyin mutane suka yi tururuwa tun ranar farko. Takardun taron jami'an da ke sa ido a kan shafin, waɗanda wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar daga baya, sun nuna cewa mutum shida kacal ne suka iya kammala rajista a wannan rana. Zuwa ƙarshen rana ta biyu an kai 248.

Ba kuɗi aka rasa ba. Ofishin da ke bin diddigin kashe kuɗin gwamnati a madadin majalisar Amurka ya ce zuwa watan Maris na 2014 an ɗaure wa aikin kimanin dala miliyan 840. Ba a rasa masana ba, domin ƙasar da ta haifi Google da Amazon ce, kuma kamfanoni da dama ne suka raba kwangilar. Da majalisa ta kira 'yan kwangilar ranar 24 ga Oktoba, sai suka ce ba a haɗa sassan shafin an gwada shi daga farko har ƙarshe ba sai a makonni biyun ƙarshe kafin buɗewa, alhali aiki irin wannan watanni yake buƙata. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa ana saura 'yan kwanaki, an kwaikwayi shigar mutane 'yan ɗaruruwa lokaci guda, shafin ya durƙushe. Duk da haka aka buɗe, saboda an riga an sanar wa duniya rana.

Na kawo wannan labari ne saboda mu ma mun shiga zamanin da hukumomin lafiya ke cewa "a je shafinmu na intanet." Rajistar rigakafi, rajistar inshora, sanarwar annoba, jerin asibitoci, duk can ake tura mutum. Abin da nake so in kare a wannan mako shi ne: shafin lafiya bai kammalu ba don ɗan kwangila ya miƙa shi, ko don an yi bikin ƙaddamarwa an ɗauki hoto. Ya kammalu ne ranar da mutumin da aka yi dominsa ya riƙe wayarsa da hannunsa, ba mai taya shi, ya samu abin da ya zo nema. Hanyar sanin hakan kuwa guda ce, a zauna kusa da shi a kalle shi yana yi.

Gwaji iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai gwajin ɗaukar nauyi, wato a ga ko na'urorin za su jure idan jama'a suka yi cunkoso. Akwai kuma gwajin amfani, a ga ko ɗan Adam zai gane abin da ke gabansa. Wanda ya san labarin Amurka zai ce ai na farkon ne ya kā da shafin: an shirya wa mutum dubu 50 zuwa dubu 60 a lokaci guda, sai kimanin dubu 250 suka afko. Haka ne. Amma a dubi abin da ya tara su a ƙofa ɗaya. Ana dab da buɗewa aka kashe hanyar da mutum zai iya duba farashin tsare-tsaren inshora ba tare da ya yi rajista ba. Saboda haka ko da kallo kawai ka zo yi, sai ka buɗe asusu, ka zaɓi kalmar sirri, ka amsa tambayoyin tsaro, a tantance ko kai wane ne, sannan ka ga kuɗi. Ka ɗauka ka shiga Kantin Kwari don ka taya shadda, mai shago ya ce ba zai faɗa maka kuɗin yadi ba sai ka kawo katin ɗan ƙasa ka cike takarda. Mai niyyar saye da mai tayawa da wanda ya biyo hanya kawai duk sai su cushe a bakin ƙofa. Wannan shawara ba ta na'ura ba ce. Shawara ce ta mutanen da ba su zauna sun kalli yadda mai neman inshora yake fara nemanta ba, domin kowa ya san tambayarsa ta farko ita ce "nawa ne?"

An ceto shafin, amma da tsada. Sakatariyar lafiya Kathleen Sebelius ta nemi gafarar Amurkawa a gaban majalisa ranar 30 ga Oktoba, ta kuma sanar da ajiye aikinta a watan Afrilun 2014. Obama ya ɗora Jeff Zients a kan gyaran, aka ɗauko injiniyoyi daga kamfanoni masu zaman kansu, cikinsu har da Mikey Dickerson na Google, suka yi ta aiki dare da rana har shafin ya miƙe a farkon Disamba. A duk watan Oktoba mutanen da suka yi rajista ta shafin tarayya ba su kai dubu 27 ba. Zuwa Afrilu kuwa waɗanda suka shiga tsarin a faɗin ƙasar sun kai miliyan takwas. Amma abin da ya fi jan hankalina ya zo ne a shekara ta biyu. Aka sake fasalin fom ɗin, mafi yawan sababbin masu nema suka koma bin shafi 16 a maimakon 76. Doka ba ta canza ba, inshorar ba ta canza ba. Ashe dama shafuka sittin ɗin nan ba mai neman magani suke wa aiki ba. Kowane ofishi ya saka tambayarsa, kowane lauya ya saka sharaɗinsa, ba a samu wanda ya tsaya a madadin uwar da ta dawo daga aiki a gajiye tana cike fom ƙarfe goma na dare ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi kusa da mu. Miliyoyin mazauna Amurka Sifaniyanci ne harshensu, kuma suna cikin waɗanda suka fi rashin inshora. Shafin da aka yi musu da harshensu ya makara fiye da wata biyu, da ya fito kuma masu amfani da shi suka koka cewa fassarar ta yi tauri, wani wurin ma ka bi umarni da Sifaniyanci ya kai ka fom na Turanci. Waɗanda suka fi bukata su aka bari a ƙarshen layi. Duk Bahaushen da ya taɓa latsa wurin da aka rubuta "Hausa" a wani shafi ya tarar kanun labari kaɗai aka fassara ya san wannan ciwo.

To yaya ake wannan gwaji? Ba shi da wani sirri. Ka samo mutum irin wanda aka yi shafin dominsa, ba abokin aikinka na ofis ba. Ka ba shi aiki na gaske, ba ka tambaye shi ra'ayi ba. Ba za ka ce "Hajiya, shafin nan ya yi kyau?" ba, domin kunya da kara za su sa ta ce ya yi kyau ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Cewa za ka yi: "Jaririnki ya cika mako shida. Ki nemo mini wace allura za a yi masa, kuma a wane asibiti mafi kusa da ke." Sai ka roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta tana yi, kai kuma ka kama bakinka. Wannan kama bakin shi ne mafi wuya. Za ka ga yatsanta yana shawagi a kan wurin da ya kamata ta latsa, ta wuce shi, ta koma sama, ta sake wuce shi, zuciyarka tana ce maka ka nuna mata. Idan ka nuna mata ka ɓata gwajin, domin ranar da jaririn ke zazzaɓi ba ka gidan. Ka rubuta inda ta tsaya, inda ta yi tsaki, inda ta ce "to yanzu kuma ina?", inda ta ajiye wayar. Kuma tun farko ka gaya mata, ka maimaita, cewa ba ita ake jarrabawa ba, shafin ake jarrabawa.

Mutum nawa ake buƙata? Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmark da ya yi suna a wannan fage, ya wallafa a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, bisa lissafin da suka yi da Tom Landauer tun 1993. Dalilin a fili yake: ramin da na farko ya faɗa, shi na biyu da na uku za su faɗa, daga nan kana ta kallon abu ɗaya ne. Shawararsa ita ce gara a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar, a sake gyarawa, da a tara goma sha biyar lokaci guda. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan masu amfani da shafin jinsi-jinsi ne, kowane rukuni yana buƙatar nasa mutanen. Masana sun yi ta muhawara a kan adadin, wasu na ganin biyar sun yi kaɗan. Ni ban damu ko biyar ne ko takwas ba. Abin da ya dame ni shi ne a wurare da dama adadin sifiri ne.

Na ga wannan sifiri da idona a tsakar gidanmu. Gwaggona tana fama da hawan jini, aka ce mata akwai wani shirin tallafin magani da ake rajistarsa a intanet. Ba zan ambaci sunan hukumar ba, domin ba ita kaɗai ce mai wannan hali ba. Gwaggo ta yi firamare, tana karanta Hausa sarai, tana tura saƙon murya a WhatsApp, tana karɓar kuɗin adashi ta waya. Ta ce ita za ta cike da kanta, in dai zauna kusa. Wayarta ƙarama ce, allon ya tsage ta gefe. Da shafin ya buɗe, hoton wani babban jami'i ne ya cika allon, sai da ta ja ƙasa sosai kafin ta ga inda ake farawa. Gurbin farko ya nemi sunan dangi. Ta dube ni ta ce, "Na Malam zan sa ko na mijina?" A katin asibitinta sunan miji ne, a katin zaɓe sunan mahaifi. Ta zaɓi na mahaifi. Sunanta na yanka kuwa irin sunayen nan ne masu ɗauke da ɗan waƙafi a sama, irin su Asma'u da Sa'adatu da Mu'azu. Tana rubuta shi daidai, gurbin ya yi ja, wani ɗan rubutu na Turanci ya fito yana cewa an saka abin da bai halatta ba, ba tare da ya ce mene ne ba. Ta goge, ta sake rubutawa a hankali, ya sake yin ja. Shafin da aka yi wa mutanen da dubbansu ke da irin wannan suna ya ƙi karɓar sunan.

Da muka gano waƙafin ne, ta cire shi, aka zo ranar haihuwa. Kalanda ta buɗe a kan watan da muke ciki, kuma sai an riƙa latsa baya wata-wata kafin a kai shekarar da aka haife ta. Daga nan imel, wanda aka sa masa tauraro alamar dole. Ba ta da shi, ba ta taɓa buƙatarsa ba. Na ba ta nawa. Aka turo lamba ta saƙon waya, ta fita daga shafin don ta karanto ta, tana dawowa komai ya goge, fom ya koma fari fes. Sai ta kife wayar a kan tabarma ta ce, "Ɗan nan, bar shi kawai. Mu da ba mu yi boko mai zurfi ba, ba namu ba ne wannan."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Ba ta ce shafin ba shi da kyau ba. Kanta ta zarga. Haka talaka yake yi kullum: idan abu ya gagare shi sai ya ɗauka ƙarancin iliminsa ne, ya yi shiru, ya haƙura. Ba zai rubuta takardar koke ba, ba zai kira lambar hukuma ba. A ofis kuwa za a duba alƙaluma a ga mutane kaɗan suka yi rajista, a ce jama'a ba su waye ba, a ware kuɗin wayar da kai. Alhali duk tuntuɓen nan da Gwaggo ta yi, ma'aikaci ɗaya da ya zauna da mata biyar a layin awon ciki na wuni guda zai gan su, kuma mai haɗa shafin zai gyara su cikin mako. Gani ya kori ji.

A shafin sayar da takalmi, idan mai saye ya gaji ya tafi, ɗan kasuwa ne ya yi asara, shi ya sa kamfanoni ke kashe kuɗi sosai a kan wannan gwaji. A shafin lafiya na gwamnati wanda ya gaji ya tafi shi ne ya yi asara, kuma babu wani shago na gaba da zai shiga. Ga shi kuma mai neman bayanin lafiya ba ya cikin natsuwa. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta ci gaba a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Uban da ɗansa ya kwana da zazzaɓi, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, abu uku yake so ya sani: wannan alamar ta hatsari ce, ina zan kai shi, kuma sauran yaran gida fa? Idan ya buɗe shafi ya tarar da tarihin kafa hukuma, da jawabin shugabanta, da rahoton mako-mako a fayil ɗin PDF mai cin data wanda aka rubuta domin likitoci, to an ba shi komai ban da abin da ya zo nema. Rahoton yana da amfani ga masu shi. Amma ba shi ya kamata ya tare ƙofa ba.

Annobar korona ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan aka mai da shafi ya zama ƙofa tilo. A Indiya, daga 1 ga Mayun 2021, 'yan shekara 18 zuwa 44 sai sun yi rajista a shafin gwamnati na CoWIN kafin su samu allura, kuma da farko da Turanci kaɗai shafin yake. Masu kwamfuta da intanet mai ƙarfi a birane suka riƙa kwashe gurabe cikin mintuna, har suna tafiya ƙauyuka su karɓi allurar da mutanen ƙauyen ba su iya yi wa kansu rajistarta ba. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta fara yarda a yi rajista a wurin allura, kotun ƙolin ƙasar ma ta tuhumi tsarin saboda ya manta da waɗanda ba su da intanet. A nan Najeriya, da allurai kusan miliyan huɗu suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta buɗe shafin rajista, amma ta tanadi hanyar da ma'aikaci zai taya mutum, da hanyar yin rajista a wurin allura. Wannan tunani ne mai kyau kuma ya cancanci yabo. Shi ya kamata ya zama ƙa'ida a kowane shiri.

Abin da ke tafe ya fi wannan girma. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Jihohi suna da nasu hukumomin na taimakekeniyar lafiya. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne. Amma marasa galihun nan su ne masu ƙaramar waya, masu sayen data ta kwana ɗaya, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 53 cikin ɗari ne na matan Najeriya ke iya karatu, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Duk shafin da aka gina wa waɗannan mutane a kan babbar kwamfutar ofis mai intanet kyauta, aka kuma gwada shi a hannun wanda ya gina shi, to ba su aka gina wa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: ai mutanenmu rediyo suke saurara, mai unguwa da limami da malamar asibiti suke tambaya, su wa ke shiga shafin hukuma? Gaskiya ne rediyo ya fi kowane shafi isa lungu, kuma ba na son a rage masa ko kwabo. Amma a tambaya, mai gabatar da shirin lafiya a rediyon daga ina yake ɗauko bayaninsa? Malamar asibitin sha-ka-tafi da ke son tabbatar da jadawalin rigakafi, mai kemis da ake fara kai wa yaro kafin asibiti, ɗalibin da duk gidansu shi ake miƙa wa waya a ce duba mana, waɗannan su ne masu shiga shafin, kuma kowannensu yana ɗauke da mutane da yawa a bayansa. Idan ya fahimta a karkace, a karkace zai isar. Sannan akwai waɗanda rajista ta tilasta musu zuwa shagon kwamfuta su biya a cike musu. Can mace za ta faɗi ciwonta da shekarunta da lambar katinta ga saurayin da ba ta sani ba, mutane na tsaye a bayanta suna ji. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma shafin da ba ya ciku sai da ɗan tsakiya ya riga ya tona asirin mai shi.

Wasu kuma za su ce a fassara zuwa Hausa, shi ke nan. Fassara wajibi ce, amma ita ma sai an gwada ta. Ana iya rubuta Hausar da babu kuskure a cikinta, amma uwa ta karanta ba ta san ko yau za ta kai yaron ko gobe ba. Birtaniya, inda harshen gwamnati shi ne harshen gida, ta gano haka tuntuni. Shafin GOV.UK da aka buɗe a 2012 yana umartar marubutansa su yi rubutun da ɗan shekara tara zai iya karantawa, hukumar lafiyar ƙasar ta NHS kuma, bayan ta saurari masu amfani da shafinta, ta zaɓi kalmomin da mutane ke faɗa a gida game da fitsari da bayan gida a kan na likitoci, duk da wasu sun yi ƙorafin cewa an zubar da girma. Sun fifita fahimta a kan girma, kuma sun yi daidai. Suna da wata al'ada da nake sha'awa: ana son kowane ma'aikaci a tawagar da ke gina shafi, har da shugabanta, ya zauna aƙalla awa biyu a kowane mako shida yana kallon jama'a suna amfani da abin da ya gina. Rahoto ba ya sa shugaba ya ji kunya. Kallon dattijuwa tana fama da fom ɗinsa yana sa shi.

Maganar kuɗi kuwa ba hujja ba ce. Kuɗin mota da ɗan abin hasafi na mutum goma sha biyar, da ma'aikata biyu masu littafi da biro, bai kai abin da ake kashewa a kan rumfa da kujerun bikin ƙaddamarwa ba. Abin da gwajin yake ci ba kuɗi ba ne, lokaci ne da tawali'u. Yana buƙatar shugaban da zai iya cewa a ɗaga ranar buɗewa, abin da Amurka ta kasa yi. Yana buƙatar ɗan kwangilar da zai yarda cewa mai sayar da ƙosai ta gano aibin da shi mai digiri bai gani ba.

Tunda ba kowa ne zai yi don Allah ba, a sa shi cikin takardar kwangila. Kada a biya kason ƙarshe sai an kawo shaidar cewa an gwada shafin aƙalla zagaye biyu, a wajen ofis, a kan wayoyin mutanen da kansu da irin sabis ɗin unguwarsu. A cikin masu gwajin a samu mace mai goyo, da dattijon da idonsa ya yi rauni, da wanda ajami ya fi iya karantawa, da makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu, domin dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta tsaya a kan matakalar gini kaɗai ba a ma'anarta. A nemi izinin kowa kafin a fara, kada a yi amfani da ainihin bayanan ciwonsa. A rubuta mutum nawa suka gama aikin ba taimako, a ina sauran suka tsaya, me aka gyara. A bar ƙofa ta biyu a buɗe koyaushe: lambar waya da ake ɗauka, da teburin rajista a asibiti. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da ofisoshin tantance kwangila na tarayya da na jihohi suna da ikon mai da wannan sharaɗi, ba sai an jira sabuwar doka ba.

Ga kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin inshora na jihohinmu, roƙona ƙarami ne. Cikin makon nan mai kamawa, ku je asibiti mafi kusa ba tare da 'yan jarida ba, ku zauna a benci kusa da masu jiran layi, ku nemi izinin mutum biyar, ku ce su buɗe shafin hukumarku a wayarsu su yi rajista. Kada ku taya su, kada ku bar mataimakanku su taya su. Abin da kuka gani ku kira wanda ya gina shafin ku nuna masa, ku ba shi wa'adin gyara.